Hulusi Bey, Malamin da Ya Ƙi Jingina Kalma da Rana

Haihuwa da karatu

An haifi Hulusi Bey, wato Malam Hulusi, a shekarar 1909 a garin Divriği na lardin Sivas. Mahaifinsa Bekir ɗan safara ne da alfadarai, sunan mahaifiyarsa Gülsüm. A wajen uban ya ga yadda ake ɗora wa alfadari ƙunshi biyu, dama da hagu, a jinjina wannan a jinjina wancan har nauyi ya daidaita, domin in ɗaya ya rinjaya a hanyar dutse, dabba da kaya sai rami. Kowane ƙunshi sunansa *denk* a harshensu, wato daidai. Ya kammala makarantar horar da malamai a 1930.

Aiki da aure

Ya fara koyarwa a Sivas, kuma a 1933 ya auri Nezahat, ɗiyar wani tela, wadda yake kira Hanım, wato uwargida. Yana karantar da ɗalibansa cewa kalmar *denemek*, wato gwadawa, daga *denk* ta fito, domin asalin gwaji auna abu ne da takwaransa.

Shekarar 1936

A wannan shekara aka yayata ra'ayin cewa kalmomin duniya kaf daga sunan rana, wannan da ke sama, suka tsiro, manyan masana suna ta gyaɗa kai. Wani sufeton makarantu ya shigo ajin Hulusi, ya umarce shi ya nuna wa yara yadda *denemek* ta gangaro daga rana, in yana son kujerarsa.

"Ranka ya daɗe," in ji Hulusi, "na bi sawunta, a bayan alfadari ta tsaya. Gaba da nan ban sani ba."

"To ka koma wajen alfadaran," in ji sufeto.

Kafin kaka aka mayar da shi wani ƙauyen da mota ba ta zuwa.

Ƙarshen rayuwa

Ana cewa gaskiya ta yi halinta, tunda ba a jima ba aka jingine ra'ayin ranar shiru. Wannan zancen mazauna birni ne. Babu wanda ya tuna da dawo da Hulusi, a ƙauyen ya yi ritaya a 1969. Nezahat takan ce masa, "Hulusi Bey, da ka ce rana, bakinka zai ƙone?" Shi kuma ya ce, "Yara na kallona, Hanım."

Ya rasu a watan Janairun 1974. A ƙauyen aka binne shi bayan azahar, saboda ƙanƙara ta toshe hanyar Divriği. Ya bar 'ya'ya uku: Tahsin, mai kantin magani, da Ferhunde, ungozoma, da Necdet, direban jirgin ƙasa. Babu malamin makaranta a cikinsu. Uwarsu ce ta hana.