Iyakokin Burtalin da Ban Rubuta Ba

Ko da zan manta komai na ƙuruciyata, ba zan manta kwana taran da na ɓata a kan wata manhaja ba, a bazarar da na dawo gida daga makaranta.

A ƙauyenmu da ke yankin Doguwa, mutum ɗaya ne ya san iyakokin burtalin da shanu ke bi zuwa rafi, wato ƙanin kakana. Ba a takarda suke ba, a kansa suke. Duk shekara kafin shuka yakan ɗauki sandarsa, manoma da makiyaya su bi shi, yana nuna musu inda gona ta tsaya da inda hanyar shanu ta fara. Ba mai musa masa. Da ƙarfinsa ya fara raguwa sai ya aika aka kira ni, ya ce in zo mu zaga in rubuta.

Ni kuwa a lokacin kaina hayaƙi yake yi da ilimin kwamfuta. Na ce, "Kaka, biro da takarda ai aikin da ne. Ka ba ni kwana biyu in haɗa ma'ajiyar bayanai, mu zuba komai a ciki, har jikokinmu su gani."

Ya ce, "To, Allah ya kai mu."

Manhajar da na samo ta kyauta ce, irin wadda masu ita suka bari a buɗe kowa ya ɗauka. Sai dai ba ta tsayawa da ƙafarta, tana dogara da wasu ƙananan manhajoji da dole a fara sakawa. Na saka ta farko, ta nemi ta biyu. Na saka ta biyu, jan rubutu ya cika fuskar kwamfutar, wai ba su jitu ba. Ga sabis ɗin garinmu ba ƙarfi, sai na hau acaɓa zuwa Tudun Wada nake iya sauke abu. Na goge, na sake sakawa, na sake gogewa. Abin ya koma taurin kai, na rantse sai na ga bayanta.

A kwana na biyar Kaka ya same ni a zaure, ya ce, "Kai ɗan nema, har yanzu akwatin naka bai farka ba? Taso mu je, yau ƙafata da dama-dama."

Ko ɗaga kai ban yi sosai ba na ce, "Saura ƙiris, Kaka."

A kwana na tara, ina Tudun Wada, na gano matsalar. Ɗaya daga cikin ƙananan manhajojin na ɗauko sabuwar fitowa, alhali babbar da tsohuwar take aiki. An ma rubuta haka a bayanin sakawa, ni ne na tsallake saboda ina ganin na iya. Cikin minti kaɗan komai ya tashi.

Na dawo daga Tudun Wada ina murna, sai na tarar da mutane a ƙofar gidan Kaka. Ɓarin jikinsa ya shanye da hantsi, bakinsa ya karkace. Na durƙusa na ce, "Kaka, ta yi." Ya dube ni, leɓensa yana motsi, amma kalma ko ɗaya ba ta fito ba. Haka ya zauna mako huɗu, har Allah ya karɓi abinsa.

Da damina ta sauka aka yi rigima a kan burtalin. Maƙwabta biyu, manomi da makiyayi, da suka tashi tare, suka daina gaisawa har yau. Dattawa suka aiko a tambaye ni ko tsoho ya bar mini wani abu. Na ji kunyar da ban taɓa ji ba, na ce babu.

Yanzu wannan aiki ne sana'ata, kuma ina karanta bayanin sakawa tun daga farko. Amma babban abin da na koya shi ne, na'ura za ta jira ka, tsoho ba zai jira ba. In dattijo ya ce ka zo ka rubuta, ka tashi da abin da ke hannunka ka bi shi a ranar.