Tabarmi a Ƙofar Gareji

Turancin da na ci abinci da shi duk rayuwata ba a lakwal na samo shi ba. A Gure Faransanci ake koyarwa, ni kuwa ko ƙofar aji ban taka ba. A bakin wani makanike na tsince shi, mutumin kudancin Najeriya, wanda ya shigo garinmu bayan yaƙinsu ya kafa rumfar gyaran motoci kusa da tasha. Muna ce masa Oga, shi kuma yana ce mini Mai-fata.

Shekarun fari ne. Dabbobi na zubewa a daji, fatu sun yi yawa a hannun makiyaya. Ina bin kasuwannin Bune da Alakos ina saye, in ɗaure in kai Nguru. Manyan masu saye a can ƴan kudu ne, ba a ciniki da su sai da tafinta, tafinta kuma cikinsa yake fara cikawa. Na ga in ina son fita daga hannunsa, sai na iya maganarsu. Sai na fara zama wurin Oga da hantsi, ina kawo masa fura daga gidanmu.

Ba ya koyarwa a zaune. Yana kwance ƙarƙashin kamiyo, babbar motar kaya, zai daka mini tsawa, "Hol am!" in riƙe. "Birin am!" in miƙo. In na yi kuskure ya leƙo da fuska duk baƙin mai, ya ce da gurguwar Hausarsa, "Kai, kunne naka fata ne?" In ce, "Oga, bakinka ne babu giris." Daga gare shi na ji "kom daun" in ana son a rage kuɗi, da "las farais" in an kai kuɗin ƙarshe, da "no wahala", wadda na ce masa tamu ce suka ara ba su mayar ba. Har yau ban san yadda ake rubuta ko ɗaya ba. Amma ranar da na tsaya a Nguru na sayar da kayana da bakina, da na dawo wurinsa na fara zuwa kafin gida.

Daga nan na fara tsoron kada ya tafi. Ba shi da kowa a Gure, kuma duk direban da ya fito daga kudu sai ya tare shi da tambayoyi. Na yi masa tayin mu haɗa hannu mu sayi tsohuwar mota, shi gyara ni kaya. Ya ce zai duba. Na san ba riba kaɗai nake nema ba. Na saba da shi, kuma ban cika sabawa da mutane ba.

Wani direba ne ya kawo labarin mahaifiyar Oga ta rasu, har an binne ta. Na same shi yana kwance taya kamar ba abin da ya faru. A wurinmu ba a barin wanda aka yi wa rasuwa shi kaɗai, ba ya aiki, ba ya dafa abinci. Na zaga unguwa na faɗa. Wani ya ce ai mutumin ba salla yake yi ba. Wani dattijo mai sayar da kanwa ya ce, "Uwa ya rasa, kuma maƙwabcinmu ne. Ku ɗauko tabarmi."

Da ya ga an shimfiɗa tabarmi a ƙofar garejinsa, manyan mutane suna cire takalma suna zama, sai ya tsaya da sifana a hannu.

"Mai-fata, wetin?"

Duk Turancina na kasuwa ne da na gareji, babu na ta'aziyya a ciki. Na karɓe sifanar na ce, "Oga, sidon. No wok tude."

"Mota na mutane fa?"

"Ta jira. Mai ita ga shi can zaune, sannu ya zo yi maka."

Ya zauna a inda na nuna masa. Mutane na zuwa suna durƙusawa, "Sannu da haƙuri, Allah ya ba ka dangana." Ina raɗa masa abin da ake amsawa, yana maimaitawa a karkace, ba wanda ya yi dariya. Mata suka aiko da tuwo da kunu. Makiyayan da ya taɓa ciro wa mota daga rairayi suka kawo nono. A raina ina cewa, yau ya ga yana da mutane a nan, yanzu zai zauna.

Da aka watse ranar ƙarshe ta zaman makoki, muna naɗe tabarmi, ya yi mini magana mai tsawo, rabi Turanci rabi Hausa, kuma na gane duka. Ya ce a garinsu ma haka ake yi, ana zama a tsakar gida, babban ɗa ne ke karɓar mutane. Shi ne babban ɗa. Ya ce kafin mu shimfiɗa tabarmin nan yana iya danne abin, amma da ya ga baƙi sun zauna saboda uwarsa, sai yake ta ganin wurinsa a can babu kowa a kai. Akwai ƙannensa, akwai gidan, dole ya koma.

Na ce, "To motar da za mu saya fa?"

Ya ce, "Mai-fata, kai ka san ciniki. Wannan babu ragi."

Ban ja ba, don gaskiya ya faɗa. Na raka shi har Nguru, muna saman kaya a bayan kamiyo, na sa shi a jirgin ƙasa. Ya faɗa mini sunan garinsu, na riƙe shi shekaru, ina tambayar duk ɗan kudun da na yi ciniki da shi. Wasu sun san garin, ba wanda ya san shi. Motar na saya daga baya ni kaɗai. Kuma in da za a sake, da na sake tara masa mutane, ko da na san abin da zai biyo baya.