Sabon Allon Hindatu

Ku gafarce ni, 'yan'uwa, zan ɗan tsayar da ku da hantsin nan.

Ina tsince wake, 'yata Hindatu na gindin dalbejiya tana rangaji, tana jero sunayen jijiyoyin fuska da Turanci. Sai na ji kamar ni ce a Pauwa, ina ƙarama, durƙushe gaban Malam.

Likitar haƙori ce. Ta dawo gida Ƙanƙara bitar jarrabawar shiga karatun ƙwarewa. Bara ta faɗi, ta ce in ta sake faɗuwa ta haƙura. Abin da take karantawa a waya ba ya zama mata.

Shi ne na sa aka sassaƙo mata sabon allo. Nawa ya ɗauki Alƙur'ani, ba zan bari a zana muƙamuƙi a kansa ba.

Ɗazu ta kawo mini harda. Ban san kalma ko ɗaya ba, amma na san muryar mai lalube, kuma ban ji ta ba. Na ce ta wanke.

Ta rungume allon. "Inna, in na wanke ya tafi fa?"

"Wanke, Likita. Ɗakin jarrabawar da allo za su bar ki ki shiga?"

Ta wanke. Ta dubi farin katakon, ta lumshe ido, ta kawo sunayen jijiyoyin duka.

Gobe za ta hau mota. Don Allah ku rubuto mata addu'a yau, in karanta mata kafin ta tafi.