Manaja Ta Tafi Ba Su Nemi Gafararta Ba

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Laraba, tara ga watan Afrilu, Allah Ya karɓi ran Hajiya Manaja a asibiti, bayan doguwar jinyar ƙoda. Ina tsakiyar walda babbar 'yarta ta kira ni. Na kashe inji, na zauna a bakin shago.

Manaja, ba zan yi miki irin ta'aziyyar da ake shafa wa kowa mai a baki ba. Ba ki saba da ita ba, ni ma ban iya ba.

Wanda bai san ki ba, ya sani: bayan kin bar aikin banki, ke kika tara malaman makaranta, teloli, likitoci da 'yan kasuwa, kika ce kowa ya riƙa zuba abin da ya sawwaƙa a asusu ɗaya. Ƙarshen shekara a zauna a zaɓi ƙananan ƙungiyoyin unguwa da za a tallafa wa. Mai ba da yawa da mai ba da kaɗan, ƙuri'a ɗaya gare su. Da wannan asusu aka rufe kwanon ajin kurame, aka sayi firjin magani na masu sikila.

Ni shugaban ƙungiyar masu ƙera kekunan guragu ne. Da muka nemi tallafi, ba ki aiko kowa ba, da ƙafarki kika zo. Kika zagaya shagon, kika ce a fito miki da keke ɗaya. Muna kallo kika tattare zani, kika hau, kika murza hannu, kika gangara titi. Birki ya ƙi ci. Tulin yashin maƙwabci ne ya tare ki. Kika tashi kina karkaɗe mayafi, kika ce, "Malam mai walda, ni ina da ƙafar tashi. Wanda za ka ba wa ba shi da ita. Gyara birki, ka dawo." Ranar na tsane ki, wallahi. Na gyara, na dawo, kika tsaya mana a gaban kwamitin asusun har muka samu.

Sai wani ɗan kwangila ya shigo asusun. Ya zuba gudummawar da ta sa idon mutane ya rufe, ya ce tallafin shekarar a ba gidauniyar surukinsa. Kika bi adireshin gidauniyar, kika tarar da wurin wankin mota. Kika faɗa a taro, a gabansa, ba ki rage murya ba.

Daga nan aka fara raɗe-raɗi, wai kina karɓar kaso a hannunmu kafin ki sa a ba mu. Ni da nake cikin waɗanda aka ce sun ba ki, ko ruwan sanyi ba ki taɓa yarda kin sha a shagona ba. Amma sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma tsagar ita ce sakataren kwamiti, ɗan aminiyarki marigayiya, wanda kika riƙe kamar ɗan cikinki, kika nema masa aiki. Shi ya kira taro ranar da ya san kina kwance ana miki wankin ƙoda. Aka cire ki daga kwamitin ba ki nan. Aka kawo masu bincike, suka tona, ba su sami ko ƙwayar zarra ba. Ramin ƙarya ƙurarre ne, amma ko mutum ɗaya a cikin 'yan kwamitin bai tako ya ce ki yi haƙuri ba.

Aka yanke mana tallafi don mun ƙi ba da shaidar zur. Ƙarafan keke na nan jingine suna tsatsa. Akwai wata mai sayar da kayan miya da har yau take rarrafawa zuwa kasuwa, kekenta na cikinsu.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne abin da kika yi daga baya. Ƙananan masu gudummawa suka fusata, suka ce sun daina zubi. Kina kwance, allura a hannu, kika riƙa kiran su ɗaya bayan ɗaya kina roƙo. Na ce, "Hajiya, ki bar asusun ya rushe a kansu mana." Kika harare ni, kika ce, "In ya rushe, a kan kurame zai faɗo, ba a kansu ba."

Jiya ɗan kwangila ya zo gaisuwa da mai ɗaukar hoto a bayansa, yana cewa "uwarmu ta tafi". 'Yarki ta miƙe ta ce, "Alhaji, mun karɓi gaisuwa. Kyamara kuma ta jira a waje." Sakatare ya rakuɓe a gefe yana sharar hawaye. Ya miƙo mini hannu, na bar shi da hannunsa. Ku da kuka ci naman baiwar Allahn nan tana raye, me kuka zo nema, ƙashi?

Ku sani, wata mai zuwa akwai zaɓen kwamiti. Duk waɗanda ta kira daga gadon asibiti suna nan, ba wanda ya daina zubi, kuma za su zo.

Ina miƙa ta'aziyyata ga maigidanta, da 'ya'yanta, da jikokinta, da duk wanda ya ci moriyar wannan asusu bai taɓa sanin fuskarta ba. Allah Ya ba ku haƙuri. Ya Allah Ka jiƙan Manaja, Ka sa jinyarta ta zama kaffara, Ka yalwata makwancinta, Ka sa Aljanna ce makomarta. An gaya mini ta yafe musu kafin ta cika. Wannan tsakaninta da Ubangijinta ne. Haƙƙin matar da ke rarrafe kuwa ba ita ke da shi ba, balle ta yafe.