Iya Ba Ta Komawa Baya

Shekarar da aka ƙaddamar da shari'a a jiharmu aka rufe gidan kallon unguwarmu a Daura, sai muka koma wa Iya Hansatu, kakata ta wajen uba, ba don muna so ba. Ita ma ta sani. Da an idar da isha'i sai ta hura 'yar wutarta a ƙofar ɗaki, ta zuba gyaɗa a kasko, ta dube mu ta ce, "'Yan gudun hijira, an raba ku da Indiyawa ko? To ku zauna, amma ni ba na rawa." Ni take kira maigida, yadda kakanni ke tsokanar jikokinsu maza, kuma ni ta fi matsa wa.

Tatsuniyarta ba irin ta sauran tsofaffi ba ce. Sai ta kai labari tsakiya ta tsaya cak, ta nuna yaro ɗaya da tsinken juya gyaɗa, ta ce ya zaɓa wa mutumin labarin hanya. Abin da ka zaɓa shi za ta bi, ko da rami ne a gaba.

Wadda ta tsaya mini a rai ita ce ta Tanko. An yi fari, sai uwarsa ta aike shi can wajen Mashi ya samo irin gero. Ya samo buhu ɗaya ya ɗora wa jaki. A hanya ya ratsa wani ƙauye inda yara suka kwana uku ba a ɗora tukunya ba, iyayensu suka tare shi suna roƙo. Nan tsinke ya nuna ni.

"Maigida, ya kwance buhun ko ya wuce?"

"Ya ba su!" na ce da ƙarfi, ina jiran yabo.

Ya ba su, suka rayu. Ruwan shuka ya sauka, kowa ya fita gona ban da gidan su Tanko. Uwarsa ta bi maƙwabta tana neman ko da tafin hannu ne na iri, ba ta samu ba, kuma ba ta ga kaka ba. Na fashe da kuka, na ce na fasa, a koma.

"A koma ina?" in ji Iya. "Geron yana cikin yaran mutane. Je ka ciro shi."

Bayan kwana biyu Iya ta sake kawo labarin, yayata Binta ta zaɓi ya wuce. Uwar ta rayu, gona ta yi kyau, amma Iya ta lissafo mana sunayen yaran ƙauyen ɗaya bayan ɗaya, da wanda ya fara mutuwa.

Iya ta rasu ina makarantar gaba da sakandare, inda na koyi haɗa manhaja. Shekara uku na yi ina gina gem na waya a kan labarinta. Babu harbi, babu tsere, rubutu ne da Hausa: ka karanta, ka zaɓa, ka ɗauki abin da ya biyo baya. Ban sa wajen komawa ba.

Masu sharhi a intanet suka yi mini ca. Wani saurayi mai yawan mabiya ya yi bidiyo yana hamma, ya ce in karatu yake so ai ya san hanyar laburare. Wannan bai dame ni ba. Wani ya rubuta cewa salon zaɓin hanya daga Turawa na kwaso shi, ban ma iya kwafa ba. Iya, wadda ko Katsina ba ta taɓa kwana ba! Na uku ya fi su natsuwa, shi ya sa nasa ya fi ciwo. Ya yaba Hausar, sannan ya ce gem ɗin ba shi da tarbiyya, tunda mutum zai yi alheri a saka masa da mutuwar uwa, kuma a hana shi gyara kuskurensa. Duka ukun sun haɗu a kan abu ɗaya: rashin wajen komawa aibi ne, aikin ɗan koyo.

Da a ce zagin kawai suka yi, da yanzu na manta. Abin da ke cina shi ne na bi su. Na sa maɓallin komawa baya. Na ƙara hanya ta uku, inda Tanko ke raba buhun biyu, damina ta yi albarka, kowa ya tsira. Saurayin nan ya sake bidiyo, ya ce yanzu na fara hankali. Ba zan ɓoye ba, na ji daɗi har na tura wa abokai.

Da Sallah na je gidan Binta a Mai'aduwa, na tarar da 'yarta Ummi tana buga gem ɗin. Ta ba da geron, uwar Tanko ta mutu, ta ce "Kash," ta danna ta koma. Ta wuce da buhun, yara suka mutu, ta sake dannawa. A karo na uku ta dace, ta ajiye wayar ta tafi sayen ƙanƙara. Ko minti biyar ba a yi ba.

Binta na tsintar shinkafa, ba ta ko ɗago kai ba. "Ni har yau ina iya kawo maka sunayen yaran nan," ta ce. "Tambayi Ummi sunan mutum ɗaya in ta dawo."

Ban tambaye ta ba, na san amsar. Sai a lokacin na gane cewa ba alheri ko rowa Iya take koya mana ba. So take mu ɗanɗana nauyin abin da bakinmu ya yanke tun muna gaban kaskon gyaɗa, kafin duniya ta ɗora mana na gaske. Nauyin nan kaɗai ta bar mini, ni kuwa na sauke shi don wani mai hamma ya ce na yi hankali.

A shafin farko na gem ɗin akwai layi ɗaya: labarin Iya Hansatu ne. Da na koma Daura na goge shi, don kada a jingina mata ƙaryar da ba ta yi ba. Cikin duk masu sharhin nan, babu wanda ya lura an cire wani abu.