Atamfar Inna da kakin Siti

Shekara biyar ke nan da rasuwar yayata, Dakta Bilkisu, kuma har yau idan na ji ƙamshin narkakken kakin zuma, ita ce ke faɗo mini a rai. Ni na riga ta zuwa Doha, ina aikin jinya. Ta biyo ni don koyar da tarihi a wata jami'a, muka kama gida ɗaya a garin Wakrah, kusa da Doha.

A shekararta ta uku aka ɗora mata shirya makon al'adun Kudu maso Gabashin Asiya. Aka kawo yadin batik daga Indonesiya, wanda ake zana wa ado da kaki mai zafi kafin a rina shi. Yaya tana gani ta ce ai kakan atamfarmu ne, a can Turawa suka kwaikwayo suka kawo mana. Ta ciro tsohon zanen Inna daga akwati, har da ƙunar gawayi a gefensa, ta rataye shi a tsakiyarsu. Na ce za ta ja mana abin kunya. Ta ce in je in ji da allurata.

Ana cikin shirye-shirye ne wata mai goge zauren, sunanta Siti, ta matso a hankali ta ce an juya ƙyalle ɗaya kai ƙasa. Ashe 'yar tsibirin Java ce, a gaban mahaifiyarta ta koyi zanen kaki. Mako guda kwamitin masana na wucewa ta gaban ƙyallen, ba wanda ya lura. Nan take Yaya ta sa sunan Siti cikin waɗanda za su hau dandamali.

Kwamiti ya ce sam. Wai Siti 'yar kamfanin shara ce, ba ta da takardar karatu, kuma kafil ɗinta, wato kamfanin da ya ɗauki nauyin zamanta a ƙasar, bai yarda ba. Yaya ta tuƙa mota har Sanaiya, unguwar masana'antu, ta zauna a ofishin kamfanin sai da aka ba ta izini a rubuce, don kada abin ya shafi Siti. Da wannan hujja ta faɗi, sai aka tuna wa Yaya cewa ƙarshen zango za a duba kwantiraginta. Mu duka mun san fassarar: in ba aiki, ba zama a ƙasar. Tsoro ya kama ni, na roƙe ta har da hawaye.

"Yaya, ki bar musu, khalas, ya isa haka. Nan ba ƙasarmu ba ce."

"Ita ma ba ƙasarta ba ce, Hauwa, amma sana'ar tata ce. Ba zan tsaya ina bayaninta ba, mai ita tana bayana riƙe da tsumma."

Ranar taron ta yi magana kaɗan, ta kira Siti, ta sauka ta bar mata sauran lokacinta. Siti ta zauna a ƙasa da ɗan rishonta, ta narka kaki, sannan ta zana tsuntsu a farin ƙyalle. Ɗalibai suka bar kujeru suka kewaye ta.

Ba a sabunta kwantiragin ba, ba a kuma faɗi dalili ba. Yaya ta koma Zariya ta ci gaba da koyarwa, bayan shekara biyu ciwo ya kwantar da ita. Allah ya jiƙanta. Siti ma ta daɗe da komawa gida.

Har yanzu ana yin makon. Zaman koyon zanen kaki ne ya fi cika, sai dai yanzu ƙwararre ake ɗaukowa a jirgi, kuma ɗan littafin da ake rabawa bai ambaci Yaya ko Siti ba. Da Yaya na nan dariya za ta yi, ta tambayi wa ke goge zauren bana, ko an tambaye ta abin da ta iya. Ni kam ba na dariya, haushi nake ji. Masu cewa taurin kai ne ya cuce ta su ci gaba da faɗa. Ni ma na taɓa faɗa, kuma ni ce ban yi daidai ba.

Shi ya sa duk shekara nake ɗaura zanen Inna, in je in zauna a layin gaba ba tare da gayyata ba. Bana wata ɗaliba ta taɓa gefensa, daidai wurin ƙunar, ta tambaye ni daga wane tsibiri ya fito.

Na ce mata, "Daga akwatin uwata. Jawo kujera, akwai sunaye biyu da ba a sa muku a littafin ba."