Abin da Bidiyo Ta Nuna Mana a Dogo

Ana sallame sallar asuba muka bar Zinder, muka miƙi hanyar Dogo a motar ma'aikatar wasanni. Mu uku ne: ni, da direba, da mushe, wato malamin da ke horar da 'yan kokowar jiha. Aikinmu mu zaɓo mutum guda da zai shiga sansanin horo kafin kokowar ƙasa. A shekarar fari da yunwa irin wannan, kowa ya san abin da sansani ke nufi: tuwo safe da yamma, har da nama, da ɗan abin aika wa iyali.

A bayan mota akwai sikeli, da igiyar awon damtse, da sabuwar na'urar bidiyo da ƙaramar tele, wato talabijin, mai aiki da batir. Mushe ya rungume na'urar nan kamar jariri. Duk ramin da muka faɗa sai ya zagi direba, mu kuwa da kawunanmu ke bugun rufi ko sannu ba mu samu ba, sai dariya muke ta yi.

Dariyar ba ta yi nisa ba. Gonaki fayau, karan gero bai kai gwiwa ba ya bushe. Ga matattun shanu a gefen hanya, har ungulu sun ƙoshi sun bar saura. Inda muka tsaya shan shayi na tambayi kuɗin tiyar hatsi, da aka faɗa mini sai na ɗauka na buhu ake nufi. Mata na jiƙa anza, 'ya'yan itacen nan masu ɗaci, su ne abincin ranar.

A Dogo aka kawo mana Ilu, zakaran yankin. Bara na gan shi ya ɗaga ƙato sama a filin Zinder. Wallahi ban gane shi ba. Gurun layar da ke cika masa damtse yanzu sai da aka naɗa tsumma a ƙarƙashi kafin ya zauna. Ya hau sikeli, mushe ya duba, ya girgiza sikelin, ya sake dubawa.

Bayan la'asar aka buga ganga. Karon ƙarshe, wanda mai kaye a cikinsa shi zai tafi sansani, ya faɗo tsakanin Ilu da Sale, wanda a hannun Ilu ya koyi kokowa. Suka sarƙe, suka daɗe suna juyi, can sai Sale ya tafi ƙasa. Fili ya kaure da guɗa. Ni ma na yi tsalle, na ce ashe ƙarfin yana nan.

Mushe ya haɗa tele a gindin tsamiya don ya nuna musu kurakuransu, jama'a suka yi cincirindo. Ya rage gudun hoton, komai ya koma a hankali. Nan na ga abin da ban gani a fili ba. Gwiwoyin Ilu sun saki tun tsakiyar karon. Hannun Sale na ƙarƙashin hammatarsa, ba kamu ba ne, tallafe shi yake. Ya riƙe shi tsaye har ya samu numfashi, sannan ya janye ƙafarsa da kansa ya faɗi.

Dattawa suka sunkuyar da kai, na gane sun sani tun a fili. Cikin 'yan garin, Ilu kaɗai ne bai sani ba.

Ya ce, "Mushe, maimaita."

Aka maimaita. Ya juya ya dubi Sale. "Ashe riƙe ni ka yi?"

Sale ya ce, "Yaya, kai ke da iyali. Ni ni kaɗai ne."

Mushe ya yi ta rarrashi, ya ce sakamakon fili shi ne sakamako, wurin na Ilu ne. Ilu ya ce tunda yake bai taɓa cin tuwon kayen da bai yi ba, ba zai fara yau ba. Ya kama hannun Sale ya kawo shi bakin mota da kansa, ya ce, "Ka ci, ka ƙoshi, ka kayar da su." Ya juya ya nufi gida, yana dafa katanga.

Muka dawo Zinder da Sale a baya, yana kuka har muka shigo gari. Ban ci abincin gidana ba a ranar. Na bar gari ina alfahari da na'urar da ke ganin abin da ido ba ya gani, na dawo na san akwai abin da mutane ke gani sarai su kau da kai saboda tausayi. Gari guda ya haɗu ya rufa wa mutum asiri don 'ya'yansa su samu sauƙi, mu muka zo da batir muka tona.